Shirun Baban Sirkku

Ƙarfe uku da rabi na yamma, Helsinki ta riga ta yi duhu. Sirkku na jiran taragon cikin gari ta hango shi a bakin titi, sai juya taswira yake yi, ga baƙar riga, mota ta kusa kwashe shi.

"Kai baƙo, so kake ka mutu a garinmu?" Ta cire ɗan abin ƙyallin da ke jikin rigarta ta maƙala masa, don direbobi su riƙa hango shi a duhu.

Sunansa Lusajo, daga Tanzaniya, ya zo kwas na wata uku. Ta koya masa sayen tikiti, da cire takalmi a ƙofa, da barin gaida duk wanda ya gani a hanya. Kafin ya gane garin, ita ta gane ta kamu.

Sai ta kai shi wurin babanta, Taisto, wanda tun rasuwar matarsa ba shi da kowa sai ita. Aka ci kifi da dankali. Awa biyu cur tsohon bai ce komai ba, sai "Ƙara."

Washegari saƙon Lusajo ya shigo: "Zinariyata, babanki ba ya ƙaunata. A wurinmu ko maƙiyi akan tambaye shi mutanen gida. Asabar zan koma, ba zan raba ki da shi ba."

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, ta samu babanta a kicin.

"Baba, me ya yi maka?"

"Ba komai. Yaron kirki ne, shi ya sa ban dame shi da surutu ba." Ya ajiye kofinsa. "Amma tafiya zai yi da ke."

Ba ta musa ba, don gaskiya ne.

Ranar Juma'a Taisto ya hura wutar sauna, ɗakin tururin da tun bayan matarsa bai shigar da kowa ba, ya ce a kira yaron. Suka shiga su biyu, Sirkku na jira a waje. Da suka fito Lusajo ya raɗa mata, "Har yanzu bai ce komai ba!"

"Wawa," ta ce tana share hawaye, "tunda ya shigar da kai ɗakin nan, ai ya ba ka ni."

Da lokacin zafi ya shigo aka ɗaura aure. Aka ce uban amarya ya yi jawabi, ya miƙe.

"Ku je, Allah ya yi muku albarka. Na iya dafa wa kaina."