Alhamis ɗin da Bali Ta Yi Shiru

Ƙarfe tara saura na safiyar Alhamis ɗan acaɓa ya sauke wata dattijuwa a ƙofar ofishin 'yan sanda na Faskari. Ba takalmi a ƙafarta. Ta wuce kanta tsaye ba sallama, ta tsaya gaban teburin Insfekta Maharazu.

"Yallaɓai, an kashe mani miji."

Sunanta Kyauta, daga Tafoki. Mijinta Barau shi ne shugaban ƙungiyar manoman rani na garin. Ya fita fadama da sassafe, da ta kai masa kunu ta tarar da shi kife bakin rijiyar ban ruwa.

Insfekta bai ƙara tambayarta komai ba. Ya ɗauki hula, ya ce wa Kofur Nasir ya tayar da mota.

Sun tarar da fadamar cike da mutane. Barau dattijo ne mai shekara sittin da 'yan kai. Rauni ɗaya ne a ƙeyarsa, gefensa ga ƙotar fartanya da jini.

Wani ƙaƙƙarfa mai rataye da bindiga harba-ka-ruga ya tare Insfekta. Ɗanlahadi ke nan, ƙanen mamacin, kuma jagoran 'yan sa-kai na garin.

"Ba sai kun wahala ba, Yallaɓai. Mutanen rugar can ne. Na gansu da idona, su uku bisa babur, sun yi yamma."

"Ƙarfe nawa?"

"Hantsi bai yi ba."

"Kana ina?"

"Ina... nan kusa."

Insfekta ya zagaya wurin a hankali. Babur ɗin Barau na jingine, makulli a jiki. Shanun huɗa biyu na ɗaure suna tuƙa. Waya na aljihun mamacin. Ƙarƙashin mangwaro kuwa buhu biyu ne shimfiɗe gefe da gefe, kamar yadda ake yi wa baƙo wurin zama. Gaban ɗayan akwai sawun takalmi sau-ciki.

Shekarar Insfekta huɗu a yankin nan. Bai taɓa ganin 'yan bindiga sun bar shanu da babur ba, balle a shimfiɗa musu buhu.

Ya ja Ɗanlahadi gefe.

"Ka dube ni. Ka ga wani, ko ba ka gani ba?"

Ɗanlahadi ya sunkuyar da kai.

"Ban gani ba. Amma in ba su ba, su wa?"

Abin da ya ɗaga wa Insfekta hankali ke nan. Samari sun fi arba'in a bakin hanya, kowa da abin da ya riƙo, kuma rugar ba ta kai tafiyar rabin awa ba. Yawancin mazaunanta mata ne da tsofaffi. Da ƙyar mai gari, Alhaji Mani, ya shawo kan samarin kada su afka wa rugar.

"Kwana uku na roƙa maka," ya ce wa Insfekta. "Azahar ɗin Lahadi ta wuce, ba ni iya riƙe kowa."

Bayan an ɗauke gawar, Insfekta ya zauna da Kyauta a zaurenta, wayar Barau a hannunsa.

"Mama, jiya da azahar an kira shi da wata lamba ta ƙasar waje. Kin san ko wa?"

"Murya dai ta mace ce, Hausa take yi. Yana gamawa ya zauna jugum. Ya ce mani, 'Kyauta, wanda ka goya shi ka cizon baya.' Na ce mi ya faru, bai tanka ba."

"Bayan nan ya kira wani da ya sa wa suna Sakatare. Sun yi minti huɗu."

"Jabiru ke nan, sakataren ƙungiya. Ai ba ya ƙasar ma. Yana can tsibirin da aka tura shi."

Ta yi masa bayani. Wata ƙungiyar agaji ce ta gayyaci manoma zuwa tsibirin Bali na Indonesiya, wani gari kan tudu da ake kira Ubud, su ga yadda ake raba ruwa a gonakin shinkafa. Jabiru aka ce an zaɓa daga Tafoki. Ranar tafiyarsa an yi masa addu'a a masallaci, an yi masa a coci, aka raka shi har tasha. Kullum sai ya turo hotuna.

"Yaron nan a gidan ga ya girma," in ji ta. "Kwano ɗaya da 'ya'yana."

Insfekta ya gwada lambar wajen sau bakwai a ranar. Ba ta shiga ba. Washegari ma haka. Juma'a ta tafi a banza: likita ya tabbatar da abin da ido ya gani, DPO, shugaban ofishinsu, ya kira sau uku, kuma labari ya zo cewa matan ruga sun fara ɗaure kaya.

Ranar Asabar da hantsi Jabiru ya dawo. Insfekta ya same shi a ƙofar gidansu, cikin riga mai zanen furanni, jama'a kewaye da shi. Saurayi ne ɗan shekara talatin, mai fara'a, sai dai idonsa ya yi ja. Ya ce kuka ya sha tun da ya ji labari.

"Baba Barau ubana ne, Yallaɓai. A Abuja aka faɗa mani."

"Allah ya ba da haƙuri. Yaya tafiya?"

Nan bakinsa ya buɗe. Ya ba da labarin gonakin shinkafa hawa-hawa kamar matakala tun daga gindin dutse har sama. Ya ba da na dajin birai, inda biri ke fizge wa mutum tabarau. Ya yi maganar masassaƙa, da 'yan mata masu rawa da ido da yatsu. Masu sauraro sai salati suke.

"Ranar Laraba marigayi ya kira ka. Me ya ce?"



"Gaisuwa ce. Ya ce in taho mashi da irin shinkafarsu."

"A layinka na gida ya same ka?"

"Yana aiki can, Yallaɓai. Tsada ce dai."

"Ranar Alhamis kana ina?"

"Kasuwar Ubud. Tun safe nake sayen tsaraba, cunkoso kamar ranar kasuwar Sheme. Da yamma muka hau jirgi."

"Ina fasfonka?"

"Masu shirin sun riƙe a Abuja, za su cike wasu takardu."

Kofur Nasir ya rubuta komai, Jabiru ya sa hannu. Da suka shiga mota Kofur ya ce, "Oga, ni dai na ga kamar ya je."

Insfekta ya sake danna lambar wajen. Shiru. Bai ci abincin kirki ba ranar.

Safiyar Lahadi, yana shirin fita, wayar Barau ta yi ƙara a aljihunsa. Lambar gida ce, muryar mace.

"Baba, na dawo lafiya. Ka gano zancen takardar?"

"Insfekta Maharazu ne daga Faskari. Wa ke magana?"

Sunanta Grace, malamar gona ce a Kankara. Jiya ta sauka daga Bali. Ita ce ta kira Barau ranar Laraba da layin da ta saya a can. Insfekta ya ce kada ta fita, ga shi nan zuwa.

Ƙarfe tara da rabi ya same ta a tsakar gida, akwatinta ko buɗewa ba ta yi ba. Da ya faɗa mata rasuwar, ta ce Allah ya ji ƙansa.

"Me ya sa kika kira shi?"

"A ɗakin taro akwai kujera da sunansa, Barau Tafoki. Kwana takwas ba kowa a kai. Na san shi ta wurin aiki, shi ne na ce bari in ji ko lafiya. Ya ce shi ba wanda ya ba shi wata takardar gayyata, an dai ce masa matashi ake so."

"Kin ga Jabiru a can?"

"Ban gan shi ba. Amma mun kai mutum sittin, masauki biyu aka raba mu. Ba zan rantse ba."

Insfekta ya dubi agogo. Wannan bai isa ya tsayar da samari arba'in ba.

"Ba ni labarin garin, Malama. Duk abin da kika tuna."

Ta zauna. Ta ce hanyar hawa garin sai da ta sa ta jiri, kwana bisa kwana. Sanyin ruwan sama ne ya tarbe su, ita da ta baro zafin bazara. Ko'ina ƙamshin turare. Kowace ƙofa da ɗan faifan ganye cike da furanni a ƙasa, ranar farko ta taka ɗaya, ta yi ta ba mai shago haƙuri yana dariya. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ruwan: daga saman dutse yake gangarowa gona zuwa gona, na sama ba ya tare wa na ƙasa, manoma ne ke zama su tsara rabon.

"Na yi ta cewa ina ma Baba Barau ya gani."

"Ranar Alhamis fa? Na kira lambarki sau bakwai."

Ta girgiza kai.

"Alhamis ai ba wanda zai same ni. Ranar shirunsu ce, sabuwar shekararsu. Ranar Laraba an yi ta kiɗa, ana yawo da manyan dodanni na takarda. Gari na wayewa sai ɗif. Ba mota, ba babur, ba hayaƙin girki, ba mai fita ƙofar gida. Har baƙi an ce mu zauna a masauki. Datar waya ma an yanke, ni kuwa na kashe tawa gaba ɗaya."

Ta murza hannuwanta.

"Yallaɓai, ka san mu nan in gari ya yi irin wannan shirun, to mutane sun gudu ne. Na san ba abin da zai same ni, amma jikina ya ƙi yarda. Na yini zaune bayan ƙofa da jakata a cinya, ina sauraren ƙarar babura. Matar masaukin ta kawo mani shayi, ta zauna kusa da ni, ba mai jin yaren wani."

"Kasuwa ta ci ranar?"

"Wace kasuwa? Ko mai sayar da ashana babu."

"Jirgi ya tashi?"

"Filin jirgin ma rufe yake har safiyar Juma'a. Shi ya sa muka ƙara kwana."

Insfekta ya miƙe tun kafin ta rufe baki.

Sha biyu da kwata suka shiga Tafoki. Samari sun riga sun taru a gindin tsamiya, Ɗanlahadi na tsakiyarsu. Insfekta ya wuce su ya nufi zauren mai gari, ya sa aka kira Jabiru da Kyauta, aka tura ƙofa.

Ya ajiye takardar bayanin a gaban Jabiru.

"Sa hannunka ne?"

"Nawa ne."

"Ka ce Alhamis ka yini a kasuwa, da yamma ka hau jirgi."

"Haka ne."

"Ranar ba a buɗe shago ko ɗaya a tsibirin nan ba. Jirgi ko ɗaya bai tashi ba. Wanda ya je ba zai manta ranar ba. Malama Grace ta Kankara tana can, kuma ta ga kujera da sunan Barau."

Gumi ya keto wa Jabiru.

"Ciro takalminka," in ji Insfekta. "Akwai sawun da za mu gwada a fadama."

Bai ciro ba. Ya sulale ƙasa, ya rufe fuska.

"Ban je ba. Wallahi ko filin jirgi ban shiga ba."

Maganar ta riƙa fitowa guntu-guntu. Takardar gayyata ta hannunsa ta biyo, don shi ke karanta Turanci. Ya ɓoye, ya ce matashi ake so, yana ganin in ya isa Abuja zai lallaɓa a sauya suna. Aka ce ba a yi. Ya rasa da wace fuska zai dawo garin da ya raka shi tasha. Ya laɓe a ɗakin wani abokinsa a can Abuja, yana kwaso hotuna a waya yana turowa.

"Da Baba ya kira, ya ce in zo mu yi magana kafin kowa ya ji. Na kwana Funtuwa, na same shi fadama da safe. Ya shimfiɗa mani buhu. Bai zage ni ba. Ya ce in tsaya gaban ƙungiya in faɗi gaskiya da bakina, shi zai tsaya kusa da ni. Na roƙe shi ya rufa mani asiri, ya ce ba ya ƙarya. Ya juya zai tada injin ban ruwa... ban san sadda na ɗauki ƙotar ba."

Kyauta ba ta yi kuka ba. Kallonsa kawai take.

Kofur Nasir ya sa masa ankwa. Amma magana ta riga ta fita ta taga. Kafin su kai ƙofa hayaniya ta cika waje, ana dukan ƙyaure, ana kiran a miƙo shi. Tsakanin zaure da mota taku ashirin ne, kuma 'yan sandan su biyu ne kacal da bindiga ɗaya.

Insfekta na neman lambar DPO, Kyauta ta tashi ta zare sakata da kanta. Ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ɗanlahadi! Sauke wannan abin."

"Yaya, shi ya kashe..."

"Na ji da kunnena. Saura kaɗan ku je ku kashe waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Yanzu kuma wanga? Mijina na kwance, ba a ƙara mashi wani jini a kai. Ku ba hukuma hanya."

Ɗanlahadi ya sauke bindigar. Sannu a hankali taron ya tsage biyu.

Kyauta ce ta shige gaba, Insfekta na biye riƙe da Jabiru, har bakin mota. Ba wanda ya ɗaga hannu. Da aka tura shi ciki ya ɗago kai ya ce, "Mama..."

Ita ta rufe masa ƙofar motar, ta juya ta nufi gida.