Sai Babur Ya Tashi

A tsakar gida, kusa da igiyar shanya, tsohon babur ɗin Baba yake jingine, irin mai faɗin gindi da ƙananan tayoyi. Ya girmi Auta, 'yar Baba ta ƙarshe, ya kuma fi ta taurin kai.

Da magabatan Tela, saurayin Auta, suka zo neman aure, Baba ya gyara zama ya ce, "Ban ƙi ba. Amma sai yaron nan ya tayar min da babur ɗin can da safe, a gabana, sannan a sa rana."

Auta ta dafe ƙirji. "Wayyo Inna! Mutumin da keken ɗinki kawai ya sani?"

"Kwantar da hankalinki," in ji Inna. "Kin san halin ubanki."

Tela bai ja da baya ba. Yana rufe shago da yamma sai ga shi da sifana da tsumma. Ya zubar da tsohon mai, ya wanke kabureta, ya buga kik, shiru. Ya kwance fulogi, ya kankare baƙin da ya cushe a bakinsa, ya jingina shi da jikin inji don ya ga ko wuta na zuwa.

"Auta, taka min kik!"

Ta taka iya ƙarfinta. Ashe yatsansa na kan ƙarfen!

"Wash! Shokin!" Ya yi tsalle, ya faɗa cikin bahon wanki.

"Sori! Wallahi sori!" Dariya ta hana ta ɗaga shi. "Amma dai mun tabbatar akwai wuta!"

Yana mayar da fulogi babur ya yi tari, ya kama, hayaki ya turnuƙe gida. Baba ya leƙo ta taga ya ce, "Da safe na ce."

Da safe kuwa ko tari babur bai yi ba. Haka abin ya ɗore: da yamma ya tashi, da safe ya mutu. Auta har ta rame.

Wata rana ta fito shara da sassafe, sai ta tarar da Baba a tsugune, ya buɗe murfin gefe yana zare wata 'yar waya daga jikin koyil mai kai wa fulogi wuta.

"Baba! Ashe kai ne?" Hawaye suka zubo mata.

Baba ya zauna daɓas a ƙasa, kunya ta rufe shi. "Yayyenki duk sun watse, Auta. In kin tafi, wa zai zauna ya saurari surutuna?"

Inna ta fito tana tafa hannu. "Au! Ni kuma kujera ce a gidan nan, Malam?"

Ana haka Tela ya yi sallama. Ya dubi wayar, ya sunkuyar da kai.

"Ka sani?" in ji Baba.

"Tun farko, Baba. Waya ba ta zare kanta kullum a wuri ɗaya."

"Kuma ka yi shiru kana ta wahala?"

"In na faɗa a gaban iyalinka, da wane ido zan dube ka? Kuma ni ba raba ka da Auta na zo yi ba, ɗa na zo in ƙara maka."

Idon Baba ya cicciko. Sai ya mayar da wayar da hannunsa, ya ɗaure ta tamau.

"Taka, ɗana."

Bugu ɗaya babur ya ɗauka! Auta ta rungume Inna tana kuka tana dariya. Baba ya ɗare baya, ya riƙe kafaɗar Tela yana ɗaga murya saboda ƙarar inji.

"Mu je wurin magabatanka yanzu, kafin babur ɗin nan ya canza ra'ayi!"

To, 'yan'uwa matasa, in iyaye suka tsananta, ku duba abin da ke cin zuciyarsu kafin ku yi fushi. Tela ya rufa wa surukinsa asiri, sai ya samu mata ya kuma samu uba.