Murfin Ƙofar da Eusebio Ya Ɗauke

Griselda na gasa gurasar yamma a kan tanda, mijinta Eusebio yana filin da ke bayan gidansu yana fama da 'yar motarsa ta wasa, sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano. Ba wanda ya tanka, don a unguwarmu ta Puerto Peñasco yara ba su da aiki sai jifa. Na biyu ya faɗo, na uku ya gangaro har bakin ƙofar kicin. Griselda ta duƙa ta ɗauka. A jiƙe yake, da gansakuka a jikinsa, yana ƙarnin teku, alhali tsakanin gidan da bakin ruwa akwai tafiya.

Tekunmu idan ta janye, sai ka rantse ƙaura ta yi. Takan bar fili na baƙaƙen duwatsu iya ganin ido, kafin ta dawo da sauri ta rufe abinta. A wannan tsakanin ne magidanta masu furfura, waɗanda suka ƙare ƙarfinsu a jirgin kamun jatan lande, suke fita da motocin wasa masu rimot, kowace ba ta fi kyanwa ba, suna lallaɓa su a kan duwatsu, tafiyar da ko hawainiya za ta raina. Girma ya faɗi, amma ba su damu ba. Dokarsu ɗaya ce: hannu ba ya taɓa mota. Wanda ya taɓa, ranar ya sha tsiya har gida.

Eusebio kullum shi ke shan tsiyar. Shi ya sa ya ƙudura ya tara duwatsu a filin bayan gidansu ya riƙa gwaji a ɓoye. Kafin a fara jifan nan, ranar da ruwa ya yi janyewar da ta fi kowace a shekara, ya nausa can ciki inda ƙafa ba ta cika zuwa ba, ya ga wani faffaɗan dutse mai gangara daidai yadda yake so. Ya sa sandar ƙarfe ya ɓamɓare shi. A ƙarƙashi akwai rami, busasshe ƙarau, a share tas kamar ɗakin mai tsabta. Ya gani da idonsa, ya dai ɗora dutsen a babbar motarsa ya taho.

Bayan jifa sai abin ya koma kan Nereida, 'yarsu tilo, wadda ke wanke masa tayoyin motar tana yi masa dariya. Ta daina dariyar, ta daina ci. Duk lokacin da teku ta fara cikowa, ko rana ko almuru, sai ta miƙe ta ɗauki kwano ta shiga kwarfar ruwan da babu shi a tsakar ɗaki, tana haki, har sai teku ta janye. Gashinta ba ya bushewa, leɓenta fari fat da gishiri. Aka je asibiti, aka karɓo ƙwayoyi, ba abin da ya sauya. Uwa da uba suka koma barcin karɓa-karɓa. Tsoro ma ya gaji ya bar su, sai gajiya zalla.

"Tsoho, yarinyar nan ƙarewa take yi," in ji Griselda. "Ka je ka kira Doña Eduviges, ko in je da kaina."

Doña Eduviges tsohuwa ce mai magani, wadda ta san addu'o'in da limamin coci ma sai ya duba littafi. Ta iso da jan magariba, ranar da wata ya ɓuya. Ta kunna kyandir, ta turara ɗakin, ta shafe jikin yarinyar da ɗanyen ƙwai tana karatu ƙasa-ƙasa. Can Nereida ta ɗago kai, muryar wani dattijo ta fito daga bakinta, a dashe, ba faɗa a cikinta.

"Baiwar Allah, rage hayaƙin nan. Na gaji."

"Kai wane ne, me ka zo nema a jikin 'yar mutane?"

"Wurin kwana. Tambayi wancan ina ya kai murfin ƙofata. Tun ranar ruwa ke cika mini gida, in kwarfe, ya dawo, in kwarfe, ya dawo. Yarana a kan kafaɗata suke barci. Na yi jifa don a ji, ba a ji ba. Nan ne kawai na sami busasshen wuri."

Eusebio ya zauna daɓas a ƙasa. "Ban sani ba," ya ce.

Muryar ta ce, "Ka ga ramin a share. Iska ce ta share shi?"

Doña Eduviges ta ce, "Za a mayar maka da dutsenka yau, kafin ruwa ya juyo. Ka fita."

"Yarinyar ta iya kwarfa. Ku bar mini ita."

"Wannan kuma ba ka isa ba. Nemi wani abu."

"To, 'yar motar nan mai fitila. Yarana sun daɗe suna leƙenta ta ƙarƙashin dutse. Ya kawo musu har ƙofa. Kuma da dokarku: kada hannu ya taɓa."

Haka miji da mata suka ciccibi dutsen, suna tafe suna hutawa, Griselda tana mita. "Shekara nawa ina cewa ka girma? Ga shi har mutanen ɓoye sun gaya maka." Suka rufe ramin, suka bar 'yar kafa a gefe. Ita ta juya wurin 'yarta. Shi ya koma bakin gaɓa, ya ajiye motar a ƙasa, ya kunna fitilunta.

Tsakaninsa da ramin duwatsu ne masu santsi, irin waɗanda ko gwanayen garin suke kewayewa. Duhu na sauka, kuma daga nesa ya fara jin motsin ruwa. Ya bi bayan motar a hankali, taya ɗaya bayan ɗaya, gumi na shiga masa ido. A wani tudu ta karkace, taya biyu a sama, hannunsa ya miƙa da kansa. Ya tuna kwanon Nereida, ya janye hannun. Ya ja ta da baya kaɗan, ya sake lallaɓawa, ta haye. Ruwa na lasar idon sawunsa lokacin da ta isa bakin kafar.

Sai ya ji wasu 'yan yatsu masu sanyi a kan nasa, suna ƙoƙarin murza sitiyarin rimot. Ya sakar musu. Ya ajiye rimot ɗin a kan dutse, ya juyo, ruwa na bin duddugensa. Da ya waiwaya daga gaɓa, ya hango fitilu biyu a ƙarƙashin ruwa suna zagaye.

Ya tarar da Nereida a kicin, gashinta a bushe, tana cin gurasa da wake hannu baka hannu ƙwarya. Ta dube shi, ta dubi hannunsa da ba komai.

"Baba, ka kai ta?"

"Na kai."

"Ba ka taɓa ba?"

"Ban taɓa ba."

"Abokanka ba za su yarda ba. Wa ya gani?"

Eusebio ya jingina da bango, ya lumshe ido. "Yara," ya ce.