Ramin da Haladu Ya Toshe da Kwalta

Ku rage fitilar nan. Kai Sabitu, in ka san za ka jiƙa mana tabarma, tashi tun yanzu ka bi uwarka. Yauwa.

Akwai wani Haladu, mai kula da wani gidan bene a bayan kasuwa, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Ba wani abin kirki yake samu ba. Abin da ya riƙe shi ɗaki ne guda da mai gidan, Alhaji Barau, ya ba shi, yana zaune ciki da matarsa da jaririyarsu. In ya rasa ɗakin nan, wallahi ba shi da inda zai kai su.

Sanyin hunturu ya wuce, zafin bazara ya biyo baya, rufin sumuntin nan duk ya tsattsage. Hadari ya fara leƙowa daga gabas. Sai ga Alhaji, ko gaisuwa bai amsa ba.

"Bara ruwa ya ɓata wa mai shagon yadi kaya. Bana ɗigo ɗaya ya sauka, ka kwashe komatsanka."

"Ranka ya daɗe, in Allah ya yarda..."

"Ni dai na faɗa maka."

Haladu ya hau sama. Ya share indararo, ya narka kwalta a rabin duro, yana bin tsaga yana liƙewa. Can bayan tankin ruwa ya tarar da wani rami, bai fi bakin kwalba ba, daidai saitin shagon yadin. Ya ce, "Ashe kai ne munafukin!"

Tsohon maigadin gidan, Baba Audi, da ya hauro masa da ruwan sha, ya ce, "Yaro, wannan ba a toshe shi. In ma ka nace, yi sallama tukuna. Ka ce ku kauce, zafi na zuwa. Haka magina ke yi."

"Baba, je ka ji da ƙofarka. Ni za a kora, ba kai ba."

"To. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho."

Haladu akwai taurin kai, ga shi ransa a ɓace. Ko bisimilla bai yi ba, ya ɗebo kwalta tana tafasa ya tuttula. Ramin ya shanye. Ya ƙara, ya shanye. Sai wani abu ya tsanyara ƙara daga ciki, siririya, ta katse. Ya ce ɓera ne.

Almuru ta yi, shi kaɗai ya rage a sama yana tattara kaya. Iska ta tsaya cak. Ya juya. Ga mace tsaye jikin tanki, da lulluɓi, da goyo. Ƙofar hawowa kuwa shi ya kulle ta da hannunsa bayan saukar Baba Audi, mabuɗin na aljihunsa.

"Kai ka toshe min ƙofa?"

"Baiwar Allah, wane ɗaki kike haya? An hana 'yan haya hawowa nan."

"Haya? Ina nan aka aza tubalin farko."

Ku matso ku ji. Bakinta bai motsa ba. Muryar daga ƙarƙashin ƙafafunsa take fitowa, daga cikin sumunti. Ya sunkuyar da kai. Ba takalmi a ƙafarta, tana tsaye kan ɗanyar kwalta, kwaltar ba ta kama ta ba. Dugaduganta ne a gaba, yatsun na kallon baya.

Ya nemi addu'a a bakinsa, ya rasa.

Ta juya masa goyon. Rabin kan yaron baƙi ƙirin da kwalta, yana numfashi da ƙyar.

"Ka buɗe kafin ruwa ya sauko."

"Ki yi min rai. In na buɗe, ruwa zai shiga shago, a kore ni."

"Kai ka yi min sallama?"



"Na ga ɗakinka," in ji ta. "Na ga shimfiɗar 'yarka. Za ta ɗauki yara biyu."

Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba. Ga ɗaki, ga 'ya, dole ya saki ɗaya. Ya durƙusa da ƙusa da guduma yana sara. Saman ya daskare, amma can ciki kwaltar na nan da zafinta. Da ƙusa ta kasa, ya sa yatsu. Fata ta saluɓe, yana kuka yana ƙwaƙulowa. Ramin na buɗewa, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ya ɗaga kai, ba kowa. Sai ƙarar ruwa yana gangarawa cikin ramin, ƙululu, ƙululu, zuwa kan yadin mutane.

Da safe Alhaji ya zo ya ga ɓarna. A gaban 'yan haya ya zage shi tas.

"Ka liƙe ko'ina, ka bar wanda ya fi kowanne? Mugu! Kafin azahar ka bar min gida."

Ko Haladu ya faɗi abin da ya gani, wa zai yarda? Matarsa ta ɗaure kaya tana hawaye, ta fita da su. Shi ya koma da hannu naɗe a tsumma, zai ɗauko jaririyar da tabarmar da take kwance a kai. Zuciyarsa ta ɗan yi sanyi, ko ba komai ya rabu da mai goyon nan ta saman bene.

Ya sunkuya ke nan, sai murya ta taso daga ƙarƙashin daɓe.

"Ɗauki 'yarka, ka bar tabarmar."

Ya ce, "Ai na buɗe miki."

"Ka buɗe. Amma ramin warin kwalta yake, ɗana ya kasa barci. Nan ya fi."

Ya suri 'yarsa ya fita a guje, ko takalmi bai tsaya sawa ba. Har ya bar garin bai waiwayi gidan ba. Ɗakin kuwa, duk wanda Alhaji ya ba haya, ba ya kwana biyu yake tserewa.

Don haka ku ji ni da kyau. Kada in ga ɗayanku ya hau saman gida shi kaɗai da almuru. Ba kowane mazaunin gida ne mai gida ya san da zamansa ba.