Furen Mama a Bayan Buhun Shinkafa

A wani ƙauye kusa da birnin Zhangzhou, lokacin sanyi lokacin gajiya ne. Kowane gida yana cusa albasar furen shuixian a kwali, wato saiwa mai kama da albasa ta wani farin fure mai ƙamshi, motoci suna kwasa zuwa birane. Babba da yaro, kowa bayansa ciwo yake.

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ke zaune da kakarta, wadda take kira Ama. Mahaifiyarta tana can nesa, tana aiki a masana'antar takalma. Sai bikin Sabuwar Shekara take zuwa gida.

Wata safiya Ama ta zaɓi albasa mafi girma. Ta ɓare busasshen ɓawonta, ta zaunar da ita a kwano tsakanin tsakuwa.

"Wannan ta mamanki ce," in ji Ama. "So nake ta shigo ta tarar da fure a buɗe. Gwiwata ta daina hawa bene, don haka aikinki ne."

"Me zan yi, Ama?"

"Da safe ki zuba ruwa, ki kai kwanon rufin gida ya sha rana. Da yamma ki sauko da shi, ki tsiyaye ruwan tas, ki ajiye a sanyi."

"Kullum?"

"Kullum mana! Shi furen hutu yake zuwa?"

Da farko yarinyar ta yi ƙoƙari. Amma matakalar nan tsayi gare ta, kwanon ga nauyi, ruwan kuma ga sanyi. In ta dawo makaranta sai ɗaure kwalaye, sai aikin gida, ido yana rufewa. Haba, ai mutum ba ƙarfe ba ne!

Sai ta yi dabara. Ta cika kwanon da ruwa, ta tura shi bayan buhun shinkafa, inda ɗumin murhu ke kaiwa.

"Ni ma ai na fi son ɗumi," ta ce a ranta.

Ama takan dawo daga rumfar kwalaye tana jan ƙafa, ta ce, "Kin kai shi sama?"

"Na kai, Ama."

Ganye kuwa sai tashi yake, ba kama hannun yaro. Yarinyar har ta fara jin kanta.

A makaranta, Malama Qiu tana da nata kwanon a taga. Ganyensa gajere ne, mai kauri.

"Malama, nawa ya ninka naki tsayi," in ji yarinyar.

Malama ta ajiye alli. "Ina kike ajiye shi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai, ta faɗa.

"Kash! Ba girma yake ba, rana yake nema. Duk ƙarfinsa ya tafi ganye. Maza ki duba shi yau."

Ana tashi ta ruga gida. Ta tarar da Ama a kicin, an janye buhun shinkafa. Ganyen ya yi fari fat, ya zube a ƙasa. Kawunan furen sun bushe tun ba su buɗe ba.

Ama ba ta yi faɗa ba. Zama kawai ta yi a kujera, ta dafe ƙugu. Ina ma duka ta yi! Wannan shirun ya fi zafi.

"Ama, ki yi haƙuri. Na gaji ne, kuma na yi miki ƙarya."

"Gajiya ba laifi ba ce, 'yar nan. Ni ma a gajiye nake. Da kin faɗa, da na roƙi maƙwabta su taya ki."

Suka haƙa rami a lambun bayan gida, suka binne albasar. Ama ta ce sai ta yi shekaru tana hutawa kafin ta sake fure. Sannan ta lalubo wata 'yar ƙaramar albasa a ƙasan kwali.

"Lokaci ya ƙure," in ji ta. "Ban yi miki alkawarin za ta yi fure kafin biki ba."

Yarinyar ta koma hawa da sauka. Hannunta ya tsattsage don sanyi. Wata rana ta zauna a tsakiyar matakala ta yi kukanta, sannan ta tashi ta ƙarasa. Da biki ya matso, kawunan furen suka ƙi buɗewa. Ama ta nuna mata yadda ake zuba ruwa mai ɗan ɗumi da safe.

Ranar jajibiri Mama ta iso. A tsaye ta yi rabin tafiyar jirgin ƙasa, ƙafafunta duk sun kumbura. Ta yar da jaka a bakin ƙofa.

A kan tebur, fure ɗaya tak ne ya buɗe, fari, ɗan mitsitsi.

"Mama, da sun fi haka yawa. Ni na ɓata na farkon."

Mama ta sunkuya, ta rufe ido, ta shaƙi ƙamshin. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Ke kika rene shi?"

"Ni ce."

Mama ta jawo ta jikinta. "To, yanzu na san na iso gida."

Tun daga nan yarinyar ta gane cewa aikin kullum ba a yi masa dabara. In kuma gajiya ta kama ka, faɗi gaskiya a taimake ka, kada ka ɓoye.