Ƙarfen Awon Laima

Rana ta yi ja a kan duwatsun Garhanga, awaki sun shige gida, hayaƙin tuwo ya kwanta a tsakar gida ya ƙi tashi. Mahfuzu ya zauna da buta zai yi alwala, sai ya tuna bai duba garkarsa ba.

Mutum ne mai son awo. Tun da malamin gona ya ba shi wata kwalba mai zane-zane ta auna ruwan sama, ya kafa ta a kan sanda a bayan gida, bai ƙara yi wa kuɓewa da albasa ban-ruwa da ka ba. In an yi ruwa ya duba milimita nawa suka sauka. In an kwana biyu ba a yi ba, ya caka wani dogon ƙarfe a ƙasa, inda ya cije nan laima ta ƙare. Har matarsa Kulu tana masa tsiya, wai saura ya auna musu miya.

Ranar dai ƙyuya ce ta kama shi. Ya miƙa wa 'yarsa Mardiya ƙarfen.

"Tahi ki caka mini can wajen suri, ki gani in da sauran laima."

"Magariba ta yi hwa," in ji Kulu. "Ba a cakar ƙasa yanzu."

"Minti guda na."

Bai gama wanke fuska ba ya ji ƙara daga garka, ba kuma ta Mardiya ba. Yarinyar ta dawo a hankali, bakin ƙarfen yana ɗigar da jini. Dutse na farko ya faɗo daga sama ya fasa tukunyar tuwo. Na biyu ya tsaga goshin Kulu. Mardiya, wadda ko tulu sai an aza mata, ta ciccibi turmi ta jefi ubanta, sannan ta sa yatsu tana yagar idonta na hagu.

Maƙwabta huɗu suka danne ta aka ɗaure. Kwana uku ana haka: da rana ta yi laƙwas kamar gawa, in rana ta yi ja duwatsu su soma zuba, ita kuma ta tsinka igiya ta nufi idon. Mahfuzu ya kasa ci. Ya san shi ya aike ta, kuma abin yana cin ransa.

Rana ta huɗu da la'asar aka zo da Malam Habibullahi daga Azarori. Ya zauna wajen kan Mardiya ya soma karatu. Can muryar wata tsohuwa ta fito daga bakin yarinyar.

"Mi kika so ga yarinyar ga?" in ji malam.

"Tun kahin a gina gidan ga muna cikin surin nan, ba mu taɓa kowa ba. Ɗana na kwance ta soke mai ijiya. Ko bisimilla ba ta yi ba, balle mu kauce."

"A bar muku garkar duka, a shinge ta."

"Mi za ni yi da kuɓewa? Ijiya nika so."

"Ba ki da wannan iko. Hita, ko in ƙone ki!"

Malam ya ɗaga murya. Jikin Mardiya ya gantsare, igiyar ta katse, yatsanta ya isa gefen ido, jini ya gangaro a kumatu. Nan Mahfuzu ya rasa haƙuri.

"Ni na aike ta! Ƙarhena na! In ijiya kika so, ga tawa!"

"Yi shiru, Mahfuzu!" malam ya daka masa tsawa.

Amma magana ta riga ta fita. Muryar ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Na amsa."

Mardiya ta yi atishawa sau uku ta sulale. A take wani abu mai zafi ya huda idon Mahfuzu na hagu, ya faɗi yana birgima a cikin fasassun tukwane. Idon bai ƙara gani ba.

Yanzu in an yi ruwa, da safe su biyu suke zuwa wurin kwalbar, don zanen ya yi wa ido ɗaya ƙanƙanta. Mardiya ba ta tuna komai ba. An ce mata ƙaya ce ta soki babanta.

"Sha biyu, Baba," ta ce wata safiya. Sai ta ɗago ta dube shi da idanunta biyu garau. "Wai ƙayar mi ta yi maka haka?"

"Ta garka," in ji shi. "Zubar da ruwan. Ki yi bisimilla tukuna."