Abin da Ɗankwali Ya Ɓoye

Akwai wata yarinya a wani ƙauye kusa da Bici. Ita ce ƙarama a gidansu, don haka ita ake ɗagawa ta shiga rumbu ta miƙo damin gero.

A shekarar nan damina ta yi gardama. Ruwa ya ɗauke tun gero bai nuna ba. Duk ranar da ta shiga rumbu, sai ta ga hatsi ya ragu. Rannan ƙafarta ta taɓa ƙasan rumbun. Ta dubi ɗan hatsin da ya rage. Idan ya ƙare, me za su ci?

Ba ta gaya wa kowa ba. Amma duk sanda tsoro ya taso mata, sai ta sa hannu cikin ɗankwali ta cizge gashinta. Zafin yakan danne tsoron na ɗan lokaci. Can sai tsoron ya dawo, ga kai yana raɗaɗi.

Inna ta yi ta kiranta kitso, tana zillewa. Ranar Juma'a dai aka kama ta.

"Zauna nan, sarkin gudu," in ji Inna.

Ta zare ɗankwalin. Sai mataji ya suɓuce daga hannunta. Tsakiyar kan yarinyar fayau, ba gashi, sai jan tabo.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wa ya yi miki wannan?"

"Ni ce, Inna."

"Ke? Da hannunki?"

Inna ta ƙwala wa Baba kira, ya zo. Yarinyar ta zaci duka za ta sha. Ta fashe da kuka, ta ce, "Baba, na ga ƙasan rumbu!"

Idon Baba ya kawo ruwa.

"Ashe kayana kika ɗauka, 'yata? Ciyar da gida aikina ne. Ni da kawunki Muntaka mun fara noman rani a fadama. Da yardar Allah ba za mu kwana da yunwa ba."

Washegari suka je asibiti. Malama Sauda, ma'aikaciyar lafiya, ta sa mata magani.

"Ba aljanu ba ne, ba kuma taurin kai ba," ta ce wa Inna. "Damuwa ce ta cika mata ciki, ta rasa hanyar fita. Ku riƙa sauraronta, ku kuma dawo da ita."

Abin bai wuce a rana ɗaya ba. Wani lokaci hannun yakan koma kai. Amma yanzu sai ta ruga ta ce, "Inna, tsoron ya zo." Inna ta jawo ta, ta ba ta kaba, su yi ta saƙar faifai suna hira har ya lafa.

Sannu sannu ba ta hana zuwa. Kafin Sallah gashi ya tofo. Ita da kanta ta kawo mataji, ta zauna gaban Inna, ta cire ɗankwali.

Yara, in damuwa ta yi muku yawa, kada ku ɓoye, kada ku cutar da jikinku. Ku faɗa wa babban da kuka amince da shi.